Akuyar da Ta Haihu a Mota

"Kuɗin akuya ɗaya muka yi da shi a Yelwa, ranka ya daɗe," in ji Inna Fure a gaban alƙalin Kontagora.

"Amma uku na sauke!" in ji Maigandi direba. "A motata ta haifi biyu. Su ma ai fasinja ne."

Alƙali ya tambayi inda ta haihu. Maigandi ya ce tun kafin su shigo Jihar Neja. A wancan lokacin Yelwa na cikin Jihar Sakkwato.

"To wannan haihuwar Jihar Sakkwato ce. Ba ni da hurumi."

Alƙalin Yelwa kuwa ya ce ai a Kontagora aka sauke kaya, su koma can. Haka suka yi ta kai da kawowa, akuya da 'ya'yanta na bayan mota a matsayin shaidu, har damina ta zo ta wuce.

Da alƙalin Kontagora ya gaji da ganinsu, sai ya ce a shigo da shaidun, yau zai raba gardama. Ya ƙirga, ya ga awaki biyar.

"Ta sake haihuwa a hanya," in ji Maigandi. "Kuɗina ya ƙaru."

"A ina?"

"Kafin mu shigo Neja."

Alƙali ya rufe fayil yana murmushi. "Alhamdu lillahi. Ku gaida mini alƙalin Yelwa."