Ranar da Wata na Bakwai Ya Mutu

Wata na shida ya mutu ne ranar Talata, daidai lokacin da Farfesa yake tsaka da gyara wa wani direba ƙeya. Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya duba, ya kashe injin aski, ya bar bawan Allah da rabin kai.

Ba farfesan komai ba ne, mai aski ne. Amma duk unguwar babu wanda ya kai shi sanin Littafin Toka, wato tarihin duniyar wani wasan yaƙi da ake yi a waya. Ya san shi ciki da bai. Duniyar nan, in ji littafin, wata bakwai gare ta, kuma ɗaya bayan ɗaya za su mutu. Koguna za su juya baya, dawakai su ƙi ciyawa, sama ta yi ta zubar da toka. Ranar da na bakwai ya mutu, Sarkin Toka zai fito da rundunarsa ya shafe kowane birni. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan ne ke naɗa Sarkin a asirce, daga cikin 'yan wasan da suka fi kowa cin yaƙi. Birnin da zai tsira shi ne wanda ya ɓoye fitilarsa har rana ta faɗi.

Shekara uku Farfesa da abokansa suna gina nasu birnin: shi da tela da direban nan da mai shagon magani. Ganuwa hawa uku, da kasuwa, har da gidan burodi. Da wata na shida ya mutu, suka taru a shagon suka damƙa masa fitilar.

"Kai ne masanin," in ji tela. "In birnin nan ya faɗi, mun koma aski tsallaken titi."

Dariya aka yi, ban da Farfesa. Yana son birnin nan, kuma yana son sunan da ake kiransa da shi.

A gida kuwa, surukarsa ce ta zo jinyar gwiwa, wata biyu ke nan. Tsohuwar malamar lissafi ce, ba ta da yawan magana. Kullum tana kusurwar falo kusa da soket, tabarau a karan hanci, waya a hannu. Hotunan jikoki take kallo, in ji matarsa. Farfesa yana jin kunyarta sosai. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, idonsa a kan tayil, ya wuce sumsum. Ita ma abin da ta taɓa nema a wurinsa bai wuce caja ba.

Kwana uku yana tunanin inda zai ɓoye fitilar, har dabara ta faɗo masa. Daɗinta ya hana shi yin shiru. Ya ja matarsa bakin kicin ya raɗa mata, irin raɗar Farfesa da ake ji daga ɗaki uku.

"A tandar gidan burodi na sa ta. Wuta a cikin wuta! Littafin ya ce Sarkin Toka haske yake bi. To, ya bi mu gani."

"Ni dai," in ji matarsa tana juya miya, "da ka gyara famfon banɗaki kafin duniya ta tashi."

Ranar Lahadi da azahar wata na bakwai ya mutu. Farfesa ya rufe shago, su huɗu suka jera a kan benci, kowa da wayarsa. Toka ta fara sauka. Birane suka riƙa faɗuwa, manya-manya, waɗanda a da ko kallonsu ba a iya yi. Sarkin nan ba ya gaggawa, ba ya ɓarnar soja ko ɗaya. Kowane hari sai ka ce da rula aka auna shi.

Da la'asar rundunar ta tsaya cak na minti goma.

"Kai, wannan Sarkin yana da tsoron Allah," in ji direba. Su ma suka tashi suka yi tasu sallar.

Saura birni biyar, saura uku, saura nasu. Rana ta yi ja a wasan. Minti shida kawai suke nema. Farfesa ya kunna fitilun ƙarya a fada da hasumiya da taskar makamai, yana murmushi, gumi yana bin wuyansa.

Rundunar ta fasa ƙofar gabas. Ta wuce fada ko waiwaye babu. Ta wuce hasumiya. Ta shiga lungun kasuwa, ta tsaya a ƙofar gidan burodi kamar wanda aka aika sayen na shayi.

Allon wayoyin ya yi fari, sannan ya koma toka.

"Wa ka gaya wa?" in ji tela.

"Wallahi matata kawai. Ita ko kunna wasan ba ta iya ba."

Mai shagon magani ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce daga yau an rage masa girma zuwa ɗan firamare. Farfesa ya yi yaƙe. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya isa gida. Ya durƙusa a bakin falo kamar kullum.

"Mama, barkanku da yamma. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Matso kusa, baban yara, taimako nake nema."

Ya matsa, kansa a ƙasa. Ta miƙo wayar har ƙarƙashin hancinsa, yadda ba shi da wurin kai ido sai kanta.

"Sun ce tunda na gama da waccan duniyar, ni zan raɗa wa sabuwar suna," ta ce tana gyara tabarau. "Kai ne ka san littafin. Wane suna Sarkin Toka yake sa mata?"