Mijin Marthe Ya San Magani

Marthe ba ta taɓa tsallake ƙwayar tazarar haihuwa ba. A gefen gwangwanin gishiri take ajiye ta, inda hannu ba ya yini bai je ba. Ranar da aka yi mata aiki aka ciro ɗanta na huɗu, lokotoro bai ɓoye mata komai ba: mahaifar ta gaji, wani cikin kafin ɗinki ya yi ƙwari zai iya tafiya da ita.

To ga ta yau zaune gaban Ya Fanna, ungozomar matanite, asibitin haihuwa, ana gaya mata ciki ne da ita, har ya fara kama wuri.

Mijinta Ishaya yana waje kan benci. Shekaru ya yi yana tuƙa motar marasa lafiya tsakanin Sayam Forage da Diffa, kuma da sauraren hirar ma'aikata daga kujerar direba ya gama karatun likitanci shi kaɗai, ba wanda ya sani. In yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, kafin uwar ta ɗaura zane Ishaya ya riga ya rubuta odonansi, wato takardar magani, da baki. Farare na ciwon kai ne, masu ruwan ɗorawa na ciki, in ɗaya bai yi ba a sha biyu.

Da tarin huka ya zaunar da shi gida, sai ya juye ilimin nan kaf a kan iyalinsa. Ya ware kofinsa da cokalinsa, ya hana yara shiga ɗakinsa. Mutumin da bai san inda randa take ba ya koma tashi da sassafe yana haɗa wa matarsa zoborodo da citta da sukari, wai yana ƙara jini. Matan majami'a har misali suke yi da shi a gaban nasu mazan. Marthe ta ji daɗi, ba ƙarya, don ba ta san akwai wannan tausayin a cikinsa ba.

Tarin dai bai sake shi ba. Majo, ma'aikacin asibitin da ke ba shi magani, ya yi ta faɗa, wai jikin bai nuna alamar mai shan magani yadda aka ce ba. Ishaya ya ce majon yaro ne, jiya-jiya ya fito lakwal, ya gama makaranta.

Ita kuwa lafiyarta lau, in ban da fitsarinta da ya yi ja, gumi ma yana ɓata mata wuyan riga. Bai dame ta ba. Mai yini tana tsince busasshen tattasan Shetimari a kasuwa, me zai fita daga jikinta in ba ja ba?

Ya Fanna ta bi ta da tambayoyi. Ta manta wata rana? A'a. Ta yi amai bayan sha? A'a. Ko wajen masu tallar magani a faranti ta saya, irin wanda ake ƙetaro kogin Komadugu da shi? Marthe ta rantse nan matanite ake ba ta.

“To madam, abin da ke kashe ƙarfin ƙwayar nan ba shi da yawa,” in ji Ya Fanna. “Wasu magungunan farfaɗiya, sai jan nan na tarin huka. Kina shan wani?”

“Ko parasitamol ba na sha, Ya Fanna.”

Ungozomar ta yi mata kallon da ake yi wa mai ƙarya, ta ce ta dawo gobe lokotoro ya ga ɗinkin. Marthe ta fito. Tsoro take ji sosai, kuma ba komai take tunani ba sai yara huɗu da wanda zai riƙe su.

Ishaya ya saurari labarin cikin yana girgiza kai. Ya zagi masu yin ƙwayar, ya zagi ungozoma, ya ce ma'aikatan yanzu takarda kawai gare su. Tari ya sarƙe shi, ya huta, sannan ya miƙa mata gorar zoborodon da ya taho da ita daga gida. Ta kafa kai ta sha, don maƙoshinta ya bushe.

“Kwantar da hankalinki, Maman Miriam, ai kina hannun wanda ya san aiki,” ya ce, yana bubbuga mata kafaɗa. “Dubi dai tarin nan, ko kusa bai kama ki ba. Kin zaci banza ne? Tun ranar da aka ɗora ni kan magani nake raba ƙwayoyina biyu, rabi na sha, rabi na daka miki a zoborodo.”