Baƙin da Ya Koma Toka

"Wannan ba baƙi ba ne, toka ce!" Ya daki tebur har shayinsa ya fantsama.

Shekara ashirin yana daidaita haske da duhu a wasannin kwamfuta a birnin Krakow, kullum yana cika baki cewa idonsa ya fi na'ura. Saura kwana uku a saki sabon wasa, amma a kan allonsa, kogon da ya kamata ya tsorata mutane a cikin wasan ya koɗe kamar wandon da ya sha wanki. Ya canza allo sau uku. Jiya ma ya kori injiniya a kan haka.

Dattijuwar da ke share ofis ta ɗago kai.

"Ɗan nan, da wa kake faɗa? Ai tun ɗazu na zare wayar allon, zan jona injin shara."

Ya ƙura wa mataccen allon ido. Toka dai. A hankali ya rufe idon dama da tafin hannu.

Baƙi wuluk.

Ya ɗauki waya, ya rasa wanda zai fara kira, likitan ido ko injiniyan jiya.