Jar Jaka Daga Sin

"Ku matsa, kuna warin jima!" in ji Alhaji Maccido, yana ɗaga wa majema jar jakar fatar da ya sayo a Shanghai ta ƙasar Sin. Bayan hajji ya bi jirgin ruwa, sai yau ya dawo Wurno.

"Can mutum ka jan keke da wani ciki, kamar jaki. Kasuwa guda ta ɗara garin Rabah girma. Wanga aikin masu hankali na, ba ƙazantarku ba."

Wansa Mode majemi ya juya cikin jakar. Ga tsaga uku, shaidar da yake yi wa fatunsa kafin fatake su kwashe.

"Alhaji, ni nij jeme ta. Akuyar ta riga ka zuwa Sin, kuma ba ta dawo tana zagin gida ba."