A Dawo Masa da Tsohuwar Manhajarsa

Kwana tara ke nan da Injiniya ya sabunta manhajar zane a kamfanin buga takardu, kuma kwana tara ke nan bai ci abinci da daɗin rai ba. Sauran masu zanen sun yi gunaguninsu na yini biyu, wai an sauya wa kayan aiki mazauni, sannan suka saba. Mutum ɗaya ne ya kafe, wato Tsohon Hannu, da ya shekara ashirin da biyu yana aiki a kujerar jikin taga, wanda ko Manaja sai ta rusuna take gaishe shi.

Shi dai cewa yake manhajar ta koma hawainiya. Ya danna ba ta motsi, ya nemi da'ira ta ba shi abin da ta ga dama. Zanen kwalin sabulu da a da zai gama kafin shayinsa ya huce, yau kwana huɗu yana kansa, masu sabulun kuma sun ce in la'asar ta yi ba su gani ba za su kai aikinsu gaba.

Injiniya ya yi duk abin da ya sani. Ya ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, ya share mata tarkace, ya buɗe fayil ɗin kwalin yana duba agogo: daƙiƙa uku cif. Da ya faɗa, sai tsohon ya ce ai ko jaki ya ga mai shi yakan gyara tafiya. Ya kira shi ɗan ta-more, ya kira shi mai gyaran gangar auzinawa, duk a gaban mutane.

To shi ma Injiniya ya tsane shi, ba ɓoye-ɓoye. Ya tsani yadda 'yar tsohon ke rako shi har kujera kowace safiya kamar wani basarake. Ya tsani yadda ya juya allon kwamfutarsa yana kallon bango, wai kada a saci fasaharsa. Ranar da mai shara ta matsar masa da kwandon takardu taku ɗaya, sai da ta yi kuka. Ba ya taɓa linzamin kwamfuta, komai da maɓallai yake yi da lambobin awo da ya haddace, launi kuwa ya bar wa mai injin bugu, ya ce aikin yara ne. Girman kai dai, in ji Injiniya, rawanin tsiya.

Da azahar Manaja ta kira su biyun. Ta ce ta gaji. A mayar da tsohuwar manhajar yanzu. In aiki ya tafi, to sabuntawar ce ta ɓata musu kwana tara, kuma Injiniya, wanda ko wata uku na gwaji bai cika ba, ya nemi wani wurin. In bai tafi ba, an san inda matsalar take.

Injiniya ya yi murna a ransa. Yana da takarda a aljihu, ya rubuta kowane awo da ya yi, rana da sa'a. Ya ciccibi akwatin kwamfutar zuwa teburinsa, ya ɗora tsohuwar manhajar, ya dawo da shi, ya durƙusa ƙarƙashin tebur yana jona wayoyi. Ya sa ta wuta, ya sa ta maɓallai da ta injin bugu, ya kunna don ya ji ko ta tashi. Ƙarar tashinta ke da wuya, tsohon ya zungure shi da ƙafa.

"Tashi ka ba ni wuri, ka ga yadda ake aiki."

"Baba, ban gama ba."

"Ka gama tun ranar da aka ɗauke ka."

Injiniya ya miƙe ya tsaya a bayansa, zuciyarsa na tafasa. Ranar yamma ta shigo ta taga ta kwanta a kan gilashin allon. Manaja na tsaye daga bakin ƙofa, bayan allon kawai take gani.

Yatsun tsohon suka hau maɓallai kamar ruwan sama a kan kwano. Yana danna lambobi, yana gyaɗa kai, hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Bai yi kuskure ko ɗaya ba, bai tsaya lalube ba. Kafin minti goma sha biyar injin bugu ya turo kwalin sabulu, layi ya zauna, rubutu ya zauna. Manaja ta ɗaga takardar, ta juya ta, ta dubi Injiniya ta ce ko yana da abin faɗa.

Yana da shi, takardar na aljihunsa. Amma tun minti na farko tafasar zuciyarsa ta kwanta, wani abu mai nauyi ya maye wurinta. Ya tuna 'yar da ke rako uban, ya tuna kwandon takardu, sai tausayi da kunya suka rufe shi lokaci guda.

"Laifina ne, ranki ya daɗe," ya ce. "Kada a ƙara sauya masa komai a kwamfutar nan."

Manaja ta ce ya biyo ta ofis, ta fita. Tsohon Hannu bai ko waiwayo ba. Ya ƙwanƙwasa allon da yatsa, ya ce, "Kafin ka tattara, kalli nan da idonka ka ga yadda layi ke gudu."

Injiniya ya kalla. Allon baƙi ne ƙirin tun da tsohon ya zauna, domin wayar da za ta kai masa hoto tana nan a hannun Injiniya, bai kai ga jona ta ba.