Mawaƙin da Ba a Ganin Fuskarsa

Faifai bakwai kamfanin Falena ya fitar, duk da muryar Fulvio, amma babu fuskarsa a bangon ko ɗaya. Haka sana'ar disko take a Milan: mai murya ya rera a ɗaki, a ɗauko wani dogon kyakkyawa a laƙaba masa sunan Amurkawa, ya hau dandali yana motsa baki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Bayan faifai na uku Fulvio ya ɓace. Matarsa Nives ta kai rahoto, ta yi kuka har 'yan sanda suka gaji da ganinta. Wansa Elio kuwa ya kafe cewa kashe shi aka yi, a binciki kowa. Ana cikin haka sai ga kaset ta gidan waya daga Munich, sabuwar waƙa, muryar Fulvio tsaf. Tarcisio mai kamfanin ya ɗora mata kiɗa ya buga. 'Yan sanda suka rufe maganar, suka ce gawa ba ta waƙa, aure ne kawai ya ishi mutumin.

Tun daga nan kaset bai daina zuwa ba. Duk faifan da ya fito, Nives ce ke fara saye. Takan kuma hau jirgin ƙasa ta tsallaka iyaka ita kaɗai, ta ce ko Allah zai haɗa su a titi. Maƙwabta suna tausaya mata ƙwarai.

Rannan Tarcisio ya kira ta ofis, ta tarar ana ɗaure kwalaye.

"Rufewa zan yi, Nives. Disko ya mutu. Shi ma gogan naki salonsa bai motsa ba tun da ya tafi, kamar babu rediyo a Jamus."

"Ɗaya kawai, don girman Allah," in ji ta. "Muddin faifai na fitowa, yana raye."

"Haba, 'yata! A kan ƙaton da ya tsere ya bar ki? Ki bari Elio ya nemo miki shi. Jiya ya zo nan yana kumfar baki, wai ranar da muryar ta yi shiru zai sa a tayar da binciken, har da karnuka, a fara daga inda aka yi masa ganin ƙarshe."

Tsoro ya kama Nives. Ta roƙa, ta ƙara, Tarcisio ya ci gaba da ɗaure kwali.

Da ta isa gida ta sauka ɗakin ƙasa ta buɗe akwati. Saura kaset biyu cikin waɗanda Fulvio ya rera a nan, kuma yanzu babu amfanin kai su Munich ta aiko ta gidan waya. Ta daɗe tana kallon simintin da ta zuba a kan gawarsa da hannunta, tana tunanin ko kaurinsa zai hana kare jin wari.