Ranar da Haladu Ya Ɓoye Wuƙaƙe

Ummusalma ta leƙa kicin, ta tarar da mijinta Haladu yana zuba wuƙaƙe a buhu. Ya garƙame ƙofar gida, makullin motarta yana aljihunsa. Gabanta ya faɗi. Ko rikici ya sake ɓarkewa a Jos?

"Maigida, me ake ciki a gari?"

"Gari lafiya lau." Ya nuna mata kwandunan tumatir da suka cika tsakar gida. "Kin daina barci, kin kwashe Farin Gada kaf. Ke kika ce idan ciwon ƙwaƙwalwar nan ya ɗaga ki sama, in yi haka kafin ya maka ki ƙasa."

Ta daɗe tana kallon kwandunan. Can ta yi dariya.

"Miƙo gyalena mu tafi asibiti. Maƙwabta kuwa, yau kakarsu ta yanke saƙa."